Farin ruwa, baƙin ruwa da koren ruwa: tambayoyi da amsoshi kan sinadaran yin ƙullun takarda

Tambayoyin nan sun fi fitowa daga 'yan'uwa mazauna Legas: masu sayar da sinadarai a Ojota, masu haɗa kwali daga Mile 12 da Agege suna kai wa masana'antu, da ɗaliban da aka tura koyon aiki a kamfanonin Ikeja da Ilupeju. Duk inda muka ambaci zafi, ma'aunin Salshiyas ne. Inda muka ce busasshen itace, muna nufin nauyinsa bayan an cire ruwan jikinsa gaba ɗaya.

Me ya sa sai an dafa itace kafin a yi takarda da shi?

Abu uku ne suka haɗu suka yi itace. Selulos, wanda shi ne zaren da ake nema, ya kai kashi 40 zuwa 45 cikin 100. Hemiselulos yana biye. Sai liginin, kashi 20 zuwa 30, mai aikin ƙaro, wanda ya manne zaruruwan suka zama katako. In an niƙa itacen kawai, liginin yana nan a ciki, shi ya sa tsohuwar jarida ke komawa ruwan ɗorawa in ta sha rana. In ana son takarda mai ƙarfi, irin ta buhun siminti ko bayan kwali, dole a narkar da liginin a bar zaren da tsawonsa.

Hanyar da ta mamaye duniya ita ce ta kiraf, kalmar Jamusanci mai ma'anar ƙarfi. Carl Dahl ne ya fito da ita a 1879, aka ba shi takardar mallaka a 1884. Ana dafa gutsattsarin itace a ruwan soda mai haɗe da sodiyom salfaid, a samu ƙullu wajen rabin nauyin busasshen itacen. Ɗaya rabin yana narkewa ya bi ruwan dahuwa.

Farin ruwa, baƙin ruwa, koren ruwa: sinadari uku ne daban-daban?

Sodiyom ɗaya ne da farar wuta ɗaya ke zagayawa suna sauya riga. Farin ruwa shi ne na dahuwa: sodiyom haidiroksaid, wato sodar da kowa ya sani, da sodiyom salfaid. Da an gama dahuwa, liginin ya narke a cikinsa, sai ya koma baƙi kamar dafaffen shayi. A ƙafar da baƙin ruwan ya yi kauri, a ƙone shi, gishirin da ya rage a ƙasan wuta ya fito a narke, a zuba shi cikin ruwa, ya zama koren ruwa. 'Yan ƙwayoyin ƙarfe da suka haɗu da farar wuta ne ke ba shi wannan launi. A haɗa koren da ƙonanniyar farar ƙasa, ya dawo fari, a koma tukunya da shi.

Masana'anta mai kyau tana dawo da fiye da kashi 95 na sinadarinta ta wannan zagaye. Abin da ya zube a hanya ana cike gurbinsa da sodiyom salfet, shi ya sa wasu littattafai ke kiranta hanyar salfet, alhali ba salfet ke dafa itacen ba.

Yaya ake lissafin ruwan da za a zuba a tukunya?

Da nauyin busasshen itace ake lissafi, kuma a nan masu koyo suka fi yin tuntuɓe. A ce an auna gutsattsarin itace kilo 1,000, aka gwada aka ga damshinsa kashi 45 ne. Busasshen itacen kilo 550 ke nan, sauran 450 ruwa ne.

A ce nau'in itacen yana bukatar alkali mai aiki, wato soda da salfaid a haɗe, kashi 16, a ma'aunin Na2O (sodiyom oksaid). Kashi 16 na 550 ya ba da kilo 88. In farin ruwan yana ɗauke da giram 93 a kowace lita, sai a raba 88,000 da 93, a samu wajen lita 946. Tukunyar da ake cikawa a sauke tana son ruwa kamar lita 4 ga kowane kilo na busasshen itace, wato lita 2,200. Cire 450 na jikin itacen, cire 946 na farin ruwa, saura lita 804. Wannan ragowar da baƙin ruwan dahuwar baya ake cike ta, don kada a ƙara wa na'urorin ƙafewa aikin banza da sabon ruwa.

A kula da ma'auni. Wasu masana'antu na rubuta alkali a Na2O, wasu a NaOH, wato soda, kuma giram 1 na Na2O daidai yake da giram 1.29 na NaOH. Wanda ya karanta wannan a matsayin wancan ya yi kuskuren fiye da kashi 20 tun bai kunna wuta ba. A Legas kuma, itacen da aka tara a fili a watan Yuni ba damshinsa ɗaya da na Janairu ba. A riƙa gwada damshi kowane kaya.

Ta yaya ake sanin ƙarfin farin ruwa?

Da gwajin ɗigo mai mataki uku da ake kira ABC. A ɗebi mililita 5 na farin ruwa a kwalbar gwaji, a ƙara ruwan da aka tace, a zuba mililita 25 na bariyom kulorid mai ƙarfin kashi 10 don ya kama kabonet ya kwantar da shi. A sa finoftalin, ruwan ya yi ja-ja. A riƙa ɗiga asid na haidirokulorik mai ƙarfin 0.5 N har jan ya ɓace, a rubuta adadin: A ke nan. Sai a zuba mililita 5 na fomalin, jan ya dawo, a ci gaba da ɗigawa ba tare da an mayar da ma'auni sifili ba har ya sake ɓacewa: B ke nan. A sa metil orenj, a ɗiga har launi ya juya: C.

Kowane adadi a ninka shi da 3.1, a samu giram a lita a ma'aunin Na2O. Misali A 25, B 30, C 35. Alkali mai aiki shi ne B, giram 93. Salfaid shi ne bambancin B da A ninki biyu, 10 sau 3.1, giram 31. Soda zalla ita ce A ninki biyu a cire B, 20 sau 3.1, giram 62. Kabonet shi ne C a cire B, giram 15.5. Daga nan rabon salfaid ya fito, 31 cikin 93, kashi 33, wanda ya faɗa cikin 25 zuwa 35 da aka saba aiki da shi.

Abin da ya fi ɓata wannan gwaji tsohon fomalin ne. Yana yin tsami in ya daɗe, sai ya cinye wani ɓangare na alkalin, salfaid ya fito ƙasa da gaskiyarsa. A daidaita shi kafin amfani. Samfurin da aka bari a buɗe ma yana shan iska, salfaid ɗinsa ya ragu.

Zafi nawa, awa nawa, kuma me ke lalacewa a tukunya?

Ana dafawa tsakanin digiri 150 da 170, matsin tururi yana kaiwa wajen 7 zuwa 8 a ma'aunin matsi na bar. Itace mai faɗin ganye, irin malaina da turare, ya fi saurin dahuwa. Dangin fayin, masu ganye kamar allura, sun fi son zafi da lokaci. Don kada a riƙa cinta, tun 1957 ake amfani da lissafin da Vroom ya kawo, mai suna H, wanda ya haɗa zafi da lokaci a lamba ɗaya. Awa 1 a digiri 100 shi ne 1, awa 1 a digiri 160 wajen 400 ne, a digiri 170 kuwa ya haura 900. Ƙarin digiri 10 ya ninka saurin dahuwa fiye da sau biyu, don haka ma'aunin zafi mai kuskuren digiri 3 ya isa ya ɓata tukunya guda.

Ana auna dahuwa da lambar kafa (kappa), wadda ke nuna liginin da ya rage. In an ninka ta da 0.15 za a samu kusan kason liginin. Ƙullun fayin da za a yi wa bilicin ana sauke shi a 25 zuwa 30, na mai faɗin ganye a 14 zuwa 20.

Matsala ta farko daga injin sara take tasowa. Gutsuren da ya dace tsawonsa milimita 15 zuwa 25 ne, kaurinsa 3 zuwa 5. Mai kauri da yawa bayansa zai dahu cikinsa na ɗanye, kamar dankalin da aka sauke da wuri, ya fito a matsayin gaya a rariya. Gari kuma yana dahuwa ya wuce, ya sha sinadari, ya toshe ragar tukunya. Ta biyu ita ce iskar da ke cikin itace: in ba a fara turara shi ba, ruwan ba ya ratsawa. Ta uku ƙarewar alkali kafin dahuwa ta kammala. Da ma'aunin pH, mai nuna ƙarfin alkalin ruwan, ya sauka ƙasa da 12, liginin da ya riga ya narke sai ya koma ya kwanta a kan zaren, ƙullun ya fito da duhu, ya ci sinadarin bilicin ninki. Ragin soda a nan tsumulmular da ke komawa asara ce.

Me zai hana a zubar da baƙin ruwa a huta?

Dalili biyu. Na farko, kuɗin masana'antar ne a ciki. Kowane tan na ƙullu yana barin wajen tan 10 na baƙin ruwa mai tsinkewa, da daskararren abu kusan tan 1.5 a cikinsa. Kashi ɗaya cikin uku na wannan daskararren sinadarin dahuwa ne, sauran kuma makamashi ne; kowane kilo na daskararren yana ba da zafin megajul 13 zuwa 15. Na biyu, guba ne ga rafi: alkalinsa na ƙona kifi, liginin ɗinsa na shanye iskar ruwa. Wanda ya sake shi a kwata ya bi ta Ikorodu ko Epe ya shiga ruwan da masunta ke ci daga gare shi, kuma zai haɗu da hukumomin kare muhalli, LASEPA ta jihar Legas da NESREA ta tarayya.

Yana fitowa daga wankin ƙullu da kauri kashi 14 zuwa 18. Ana bi da shi ta jerin tukwanen ƙafewa 5 zuwa 7, tururin da ya tashi daga wannan shi ke dafa na gaba, har ya kai kashi 65 zuwa 80. A lokacin ya zama kamar kwalta, sai da zafi yake gudu a bututu. In itacen fayin ne, a tsakiyar hanya, wajen kauri 25 zuwa 30, wani sabulu yana tasowa sama. Dole a kwashe shi, in ba haka ba kumfa ta cika tukwanen. Shi ake zuba wa asid a samu man da ake yin fenti da tawada da shi.

Daga nan a fesa shi cikin babbar boila, irin wadda Tomlinson ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1930. Sama ana ba wuta iska sosai don a samu tururin lantarki. Ƙasa kuwa da gangan ake rage iskar, don gawayin da ya taru ya janye iskar oksijin daga salfet ya mayar da shi salfaid. Ana son wannan juyi ya haura kashi 90.

An ce boilar tana fashewa. Me ke jawo haka?

Ruwa ne, in ya taɓa narkakken gishirin. Gishirin yana kwance a ƙasan boila da zafin da ya haura digiri 800, ga kuma bututun ruwa sun kewaye shi ta ko'ina. In bututu ya tsage, ko aka fesa baƙin ruwan da bai yi kauri ba, ruwan yana zama tururi cikin ƙiftawar ido, ƙarfinsa ya yaga bangon ƙarfe. Saboda haka ƙa'idar aiki ita ce a karkatar da baƙin ruwa daga wuta da zarar kaurinsa ya sauka zuwa kashi 58, kuma na'ura ce ke yin haka da kanta ba ta jiran umarnin kowa. In ana zargin yoyo a cikin boila, ana kashe wuta, a zuƙe ruwan bututun da gaggawa, kowa ya bar ginin.

A bakin tankin narkarwa ma akwai haɗari. Gishirin da ke zubowa ana tarwatsa shi da tururi ya zama ƙanana kafin ya faɗa ruwa. In mazurarin ya toshe sannan ya ɓalle a lokaci ɗaya, tankin na iya tashi.

Yaya koren ruwa ke komawa fari?

A fara tace shi a cire guggubin, wato gawayin da bai ƙone ba da ƙarafan da itace ya zo da su. Sai a kai shi tankin jiƙo da zafin digiri 85 zuwa 90, a zuba ƙonanniyar farar ƙasa. Tana shan ruwa tana fitar da zafi har ya kusa tafasa, sannan ta yi musaya da sodiyom kabonet: soda ta fito a narke, kalsiyom kabonet ya kwanta kamar laka. Ana barin haɗin ya bi tankuna masu motsawa na wajen awa 2.

Musayar ba ta kaiwa ƙarshe. Kashi 80 zuwa 83 take tsayawa, kamar yadda misalinmu na sama ya nuna, soda 62 cikin 77.5 na soda da kabonet a haɗe. Mai koyo yakan ce bari ya ƙara farar ƙasa ya kai 90. Abin da zai samu shi ne laka mai laushi da ba ta kwanciya, ta toshe matata, ta bi farin ruwa zuwa tukunya ta yi kanta a bututun dumama. In kuma an rage ta da yawa, kabonet ya yi ta zagaye a banza yana cin wuta.

Lakar ana wanke ta, a matse, a ƙone a doguwar murhu mai juyawa irin ta kamfanin siminti, ta koma ƙonanniyar farar ƙasa. In ba a wanke sodar jikinta da kyau ba, sai ta dunƙule ta yi zobe a cikin murhun, har a tsayar da aiki a fasa shi. Masu sabulun gargajiya za su gane wannan musaya, don kanwa ma yawancinta sodiyom kabonet ce, kuma in an haɗa ruwanta da ƙonanniyar farar ƙasa soda ce ke fitowa, sai dai da datti da gishiri.

Warin ruɓaɓɓen ƙwai fa? Yana da illa?

Daga salfaid yake, irin wanda majemun Challawa da Sharada a Kano ke cire gashin fata da shi. Hanci na jin sa tun yana ɗan mitsitsi, kuma masana'antu na tattara iskar su ƙone. Haɗarin gaske shi ne haɗuwar asid da kowane ɗaya daga ruwan nan uku, domin nan take iskar haidirojin salfaid ke tashi. In ta kai wajen kashi 100 cikin miliyan tana kashe jin wari, mutum ya ɗauka ta wuce. In ta haura 700 tana kayar da mutum cikin 'yan numfashi. Ta fi iska nauyi, tana taruwa a rami da kwata. Magudanar asid da ta ruwan dahuwa ba sa haɗuwa. Mai shago a Ojota ma kada ya jera buhun salfaid kusa da jarkar asid, kuma in wani ya faɗi a rami kada a bi shi ba tare da na'urar numfashi ba.

Ga karan shinkafa da rama da ragowar rake jibge a Arewa. Ba za su yi ba?

Suna yi, ana kuma yi da su a Indiya da Sin da Masar. Liginin ɗinsu bai kai na itace ba, soda kaɗai ta isa, wani lokaci da ɗan antirakwinon kashi 0.05 zuwa 0.1. Ɓawon rama yana da dogon zare mai kyau. Ragowar rake sai an cire tsakiyarta mai laushi, wajen kashi 30, don soda take sha ba ta ba da zare.

Cikas ɗin silika ne, wato sinadarin yashi. A karan shinkafa ya haura kashi 10. Yana narkewa a soda, ya sa baƙin ruwa danƙo tun bai yi kauri ba, ya yi kanta mai tauri a tukwanen ƙafewa, ya lalata lakar farar ƙasa har ba ta sake ƙonuwa. Shi ya sa ƙananan masana'antun kara da yawa suka riƙa zubar da baƙin ruwansu, hukumomi suka rufe su. Wanda ya kawo maka lissafin kamfanin takardar kara babu shafin abin da zai yi da baƙin ruwa, lissafinsa bai cika ba.

A Nijeriya fa, ina ake wannan aiki?

Gwamnatin tarayya ta kafa manyan masana'antu uku: Jebba a jihar Kwara, Oku Iboku a Akwa Ibom don takardar jarida, da Iwopin a Ogun. Dazukan malaina na Omo da Oluwa an shuka su ne da niyyar ciyar da wannan sana'a. Malaina gajeren zare gare ta, sai an gauraya da dogon zaren da ake sayowa da kuɗin waje. A Legas yau, abin da aka fi sarrafawa tsohon kwali ne da tsohuwar takarda, sai busasshen ƙullu da takardar da ke shigowa ta Apapa da Tin Can.

Masu sarrafa tsohuwar takarda wane sinadari suke sawa, kuma me ya sa suke rage mana kuɗin kaya?

Kwali ruwa da injin damawa kawai yake so. Takarda mai rubutu da za a yi tishu fari da ita ce ake cire wa tawada: soda wajen kashi 1 na nauyin takardar don zare ya kumbura tawada ta saki, sodiyom siliket kashi 1 zuwa 3, haidirojin faroksaid wajen kashi 1 don kada soda ta sa ta yi ɗorawa, da ɗan sabulu. Ana damawa a zafin digiri 45 zuwa 55, a hura iska, tawadar ta hau kumfa a kwashe.

Ragin kuɗi kuwa daga abu biyu yake. Damshin da aka saba karɓa wajen kashi 10 ne. Ɗaurin da ya sha ruwan sama a jujin Olusosun, ko aka yayyafa masa don ya yi nauyi, ana soka masa ma'auni a cire rarar, kuma in ya kwana biyu a jiƙe zarensa ya fara ruɓewa. Na biyu salatif, leda, kwali mai kakin zuma da gam na bayan littafi. Gam ɗin yana narkewa a ruwan ɗumi, ya manne a ragar injin, ya huda takarda, ta tsinke ana cikin gudu. Farar takardar ofis da aka ware daban ta fi gauraye daraja nesa ba kusa ba.

Yaya ake ajiye soda da jiƙa ta a yanayin Legas?

Soda daga ruwan gishiri ake yin ta da wutar lantarki, kulorin na fita ta gefe ɗaya, ita ta ɗaya gefen. Mai ɓarɓashi da ke zuwa a buhun kilo 25 tsarkinta kashi 98 zuwa 99 ne. Tana zuƙar damshin iska ta narke, tana kuma zuƙar iskar kabon ta koma kabonet, ƙarfinta ya ragu nauyinta bai ragu ba. A ɗora buhu a kan katako, nesa da bango, wanda aka buɗe a ɗaure bakinsa nan take. Buhun da ya dunƙule ko ya yi farin ɓawo a gwada shi kafin a yi lissafi da shi.

Don samun ƙarfin kashi 10, buhu ɗaya na son ruwa lita 225. Ruwan ake fara zubawa, sannan a riƙa barbaɗa sodar kaɗan-kaɗan ana juyawa, don zafin da take fitarwa na iya tafasa ruwa kaɗan ya fantsamo fuska. A yi amfani da durom na roba mai kauri ko baƙin ƙarfe. Tukunyar alminiyom da bokitin kwano ba sa yi, soda na cin su tana fitar da iskar haidirojin mai kama wuta. Tabarau mai rufe gefe, safar hannu ta roba da takalmin roba wajibi ne.

In ta taɓa jiki, a cire tufafin, a yi ta kwarara ruwa minti 20 zuwa 30. Santsin da ake ji alama ce ta fara narkar da fata, a ci gaba har ya tafi. Kada a shafa manja ko man kaɗanya, kada a matsa lemun tsami. In ido ne, a buɗe fatar idon da yatsa a ƙarƙashin ruwa mai gudu na aƙalla minti 30, sannan a wuce asibiti da ledar buhun a hannu don likita ya ga abin da ya shiga.